Yabon da ya raba ni da yayata

Assalamu alaikum. Ni malamar lissafi ce a wata makarantar sakandare a Kano. Na daɗe ina son in rubuta labarin nan saboda iyaye da malaman da Allah ya ba amanar yaro mai kaifin ƙwaƙwalwa. Jama'a na ganin irin wannan yaro ba shi da wata damuwa tunda kullum shi ke zuwa na ɗaya. Ni a haka na tashi, kuma shekarun da aka fi yabona a cikinsu su ne na fi shan wuya. Ba zan kama sunan kowa ba, domin yawancin waɗanda suka shigo labarin, har da waɗanda suka ɓata mini, alheri suke nufi da ni.

An haife ni a 1996 a wani gari da ke ƙasar Haɗejia. Baba ma'aikacin ƙaramar hukuma ne, Umma kuma tana ɗinkin hula a gida. Yayata ta girme ni da shekara 3, kuma a wurinta na koyi baƙi da wasali. Idan ta dawo makaranta ta shimfiɗa tabarma tana bita, sai in raɓe a jikinta ina bin yatsanta da ido. Kafin a sa ni firamare ina karanta littafinta na Hausa daga farko har ƙarshe. A makarantar allo ma haka, da wuya in kwana biyu ba a wanke mini allo ba. A lokacin Yaya ce ta fi kowa alfahari da ni. Takan goya ni ta kai ni wurin ƙawayenta ta ce, "Karanta musu su ji."

Ina gama aji 1 hedimasta ya zo gida da kansa, ya ce wa Baba zamana a aji 2 ɓata lokaci ne, a bari a yi mini tsallake zuwa aji 3. Baba ya yi murna har ya sayo tsire a daren. Kakarmu ce kaɗai ta yi magana. Ta ce, "Ɗanyen kasko ba ya kai ruwa ban ɗaki. Ku bar yarinya ta bi sa'anninta." Aka yi dariya, aka ce Hajiya ba ta san harkar boko ba. Abin da ba wanda ya tsaya ya duba shi ne, aji 3 ɗin nan shi ne ajin Yaya.

Zangon farko ita ke riƙe mini hannu mu tafi, ita ke tare mini faɗa, ita ke ajiye mini wuri a benci. Da aka ba da sakamako na zo ta ɗaya, ita kuma tana can tsakiya. Ba ta faɗi ba, kuma ba daƙiƙiya ba ce, yarinya ce mai matsakaicin ƙoƙari kamar yawancin yara. Da dare Baba ya ajiye takardun biyu a gabansa ya ce mata, "Dubi ƙanwarki. Yarinyar da kika goya ta wuce ki, ba kya jin kunya?" Yaya ba ta ce uffan ba. Washegari ta riga ni fita, ta tafi makaranta ita kaɗai. Ina da shekara 6, ban san laifin da na yi ba. Abin da na gane kawai shi ne, duk ranar da aka yabe ni sai an zage ta.

Abin bai tsaya a gidanmu ba. Iyayen unguwa suka mai da sunana bulala. Yaro ya faɗi jarrabawa, "Ba ka ga 'yar gidan wane ba?" Yarinya ta kasa hadda, "Ita wance kai biyu gare ta?" Yaran da ake duka da sunana ba za su iya ramawa a kan iyayensu ba, sai su rama a kaina. In na je dandali ana gaɗa, sai da'irar ta rufe, a ce an cika. In ana 'yar carafke, sai a ce in je in yi da littafina. Wannan ne abin da nake so iyaye su fi riƙewa a labarina: duk lokacin da kuka kwatanta ɗanku da wani yaro don ku ba shi haushi, kun samar wa wancan yaron maƙiyi, shi kuwa bai ji ba bai gani ba.

A cikin gida kuma umarni biyu nake karɓa masu karo da juna. Baba in abokansa sun zo hira ƙofar gida, sai ya aika a kira ni, ya miƙo mini Gaskiya Ta Fi Kwabo in karanta musu, ko ya ce wani ya ba ni lissafi in yi da ka. Su yi ta kabbara, wasu su ba ni 'yan kuɗi. Ina shiga gida Umma za ta ja ni ɗaki ta tofe ni da addu'a, ta ba ni rubutu in sha, ta ce, "Ki daina buɗe baki a gaban mutane, kambun baka gaskiya ne." Dukkansu ƙauna ce ta sa su. Amma ni abin da ya zauna mini a rai shi ne, abin da ke kaina abin nunawa ne ga baƙi, kuma abin tsoro ne a lokaci guda.

Daga aji 5 aka sa ni na zana jarrabawar shiga sakandare, ban yi aji 6 ba. Hedimasta ya so in nemi makarantar gwamnatin tarayya ta yara masu hazaƙa da ke Suleja, wadda aka buɗe a 1990, amma Baba ya ce ba zai kai 'yar ƙaramar yarinya har Jihar Neja ba. Sai aka kai ni wata makarantar kwana ta 'yan mata mafi kusa. A 2005 ke nan, ina da shekara 9. Yaya kuma na baro ta a firamare. Ranar da za a tafi da ni ta taya Umma ɗaure mini garin kwaki da ƙuli-ƙuli da yaji, amma ba ta fito rakiya ba.

A aji ba ni da matsala. Matsalar tana farawa ne da an tashi. Ba na iya ɗaga bokiti cike daga famfo zuwa ɗakin kwana, ban iya wanke farin yunifom ya fita ba, kitso ma sai na roƙa. 'Yan ajinmu sun girme ni da shekara 3, wasu 4. Wata siniya ta ɗauke ni 'yar ɗaki, na yi murna na ɗauka na samu uwa. Ashe labarin ƙwaƙwalwata ta ji. Ita ke hana a ci zalina, ni kuma in yi mata aikin lissafi da ita da ƙawayenta a lokacin firef. Tun daga nan na saba da wani irin zumunci na ba-ni-in-ba-ka, har na daina gane wanda yake sona don kaina.

Suna suka sa mini, Kwamfuta, har wasu malamai da shi suke kirana. In jarrabawa ta matso, gadona cika yake da mutane, wannan ta kawo mini biskit, waccan ta ce ita ce aminiyata. Ana gama jarrabawa sai ka rantse ba su taɓa sanina ba. Babban tashin hankalin shi ne satar amsa. In na ƙi buɗe takardata, ni ce muguwa mai baƙin ciki, wadda ba ta son kowa ya ci sai ita. An sha jiƙa mini katifa da ruwa a kan haka, an kuma ɗauke mini littattafan rubutu ana gobe jarrabawa. In na kai ƙara, sai abin ya ƙaru, a ce 'yar lelen malamai ta kai tsegumi. Sai na koyi yin shiru.

Akwai wani ɓangare da ban taɓa jin malami ko uba ya yi lissafinsa ba lokacin da ake shawarar tsallake, wato girman jiki. Muna aji 2 zuwa 3 na ƙaramar sakandare 'yan ajinmu suka zama 'yan mata. Suna fashin salla, suna hirar samari, suna karɓar wasiƙa a ɓoye ranar ziyara, suna musayar littattafan soyayya a ƙarƙashin filo. Ni kuwa har lokacin in na samu wuri 'yar tsana nake so. Ina shigowa ɗaki sai hira ta tsaya, wata ta ce, "Ke fita, maganar manya muke." Yaran da suke sa'annina kuma suna firamare ko suna aji 1, in na je wurinsu sai su miƙe suna ce mini siniya. A aji na fi kowa, a ɗaki na kasa kowa, kuma babu inda zan zauna a ce ga tsarata. Dare da yawa na yi kuka a cikin bargo, ina toshe baki don kada a ji.

A babbar sakandare na haɗu da wani malamin lissafi. Wata rana ya warware wani lissafi a allo, ya juya alama a layi na uku, amsar ta fito ba daidai ba. Na ɗaga hannu na faɗa masa. Har ga Allah na ɗauka zai ji daɗi. Sai ya miƙo mini alli ya ce, "To Farfesa, zo ki koyar da mu." Na tashi na gyara, domin ban gane gatse yake yi ba. Ranar a durƙushe na ƙare darasin, aka ce na yi wa malami fitsara. Daga nan duk tambayar da na yi sai ya ce iyayi ne. Yanzu da nake riƙe alli na san zafin a gyara maka a gaban ɗalibai, amma na san kuma yarinya 'yar shekara 12 da ta ga kuskure a allo ba raini ne ya sa ta magana ba. Ba ta iya ganin lissafi a karkace ta yi shiru ne kawai.

A shekarar da ta biyo baya na yanke wata shawara ni kaɗai. Na ce tunda ta ɗayan nan ce ta raba ni da kowa, bari in sauke ta. Na shiga jarrabawa na bar tambayoyin da na sani ba amsa, wasu kuma na rubuta ba daidai ba da gangan. Na faɗo ƙasa sosai. Na zaci za a karɓe ni. Sai ga shi ana bina da waƙa, "Kwamfuta ta lalace." Shugabar makaranta ta kira ni ofis ta tambaye ni ko na fara kula samari. Baba ya zo ranar ziyara, ya ajiye mini kaya, bai ko dube ni ba ya juya. Umma ta ce ai ga abin da take gudu, baki ya kama ni, aka aiko mini da rubutu a jarka. Kowa ya kawo dalilinsa, ba wanda ya zaunar da ni ya ce me ke damun ki.

Sai mutum ɗaya, wata malamar kimiyya 'yar Zariya da ta zo yi wa ƙasa hidima. Ta kira ni bayan la'asar, ta ajiye takardata ta ce, "Ƙanwata, wanda bai sani ba, ba haka yake kuskure ba. Ke kin san amsar, kika kauce mata. Wa kike so ya so ki?" Na fashe da kuka har na kasa magana. Ba ta yi mini wa'azi ba, ba ta kuma kai maganar gaba ba. Ta fara kawo mini tsofaffin tambayoyin gasar lissafi irin wadda Cibiyar Lissafi ta Ƙasa da ke Abuja ke shiryawa. A nan na fara haɗuwa da lissafin da zan kwana ina juya shi ban warware ba, kuma daɗin da na ji ba ya misaltuwa. Ita ce ta raka ni wata gasa a babban birnin jiha. Na zauna da yara daga makarantu daban-daban, muna jiran sakamako muna gardama a kan wata tambaya, wani yaro ya ce hanyata ta yi tsawo, ya nuna mini gajeriya. Ba wanda ya kira ni mai iyayi. Ranar na san akwai irina a duniya, kuma na ga har akwai waɗanda suka fi ni. Da ta gama hidimarta ta tafi, na koma zaman kaɗaici, sai dai ban sake ɓoye abin da na sani ba.

Ita kuwa Yaya, tana gama ƙaramar sakandare ta ce ita aure take so. Ta ce wa Umma, "Boko ta wance ce, ni ku bar ni." Aka yi bikinta a 2010 ina tsakiyar zango. Baba ya ce kada a ɗauko ni, kada a katse mini karatu. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ban ga kamunta ba, ban raka ta ɗakinta ba. A hoto na ga lallen hannunta.

Na gama sakandare a 2011, na ci WAEC da NECO da kyau, amma shekaruna ba su kai 16 da jami'o'i ke nema ba. Gudun da aka yi ta sa ni ya ƙare a zaman gida na shekara guda. A zaman nan na ji maganganun da ban taɓa ji ba. Matan da suka yi ta dukan 'ya'yansu da sunana su ne yanzu suke ce wa Umma, "Wannan wa zai iya aurenta? Mace in ta cika sani ba ta zaman gidan miji." 'Yan matan unguwa suna hirarsu a manhajar waya ta 2go, ni ko lambar da zan saka ba ni da ita. Shi ya sa da aka yi ta ce-ce-ku-ce a 2024, lokacin da ministan ilimi Farfesa Tahir Mamman ya ce sai mai shekara 18 zai shiga jami'a, daga baya wanda ya gaje shi Dakta Tunji Alausa ya mai da abin 16, na bi muhawarar da zuciya biyu. JAMB ma ta buɗe ƙofa a 2025 ga waɗanda ba su kai 16 ba, in sun samu aƙalla maki 320 cikin 400 suka kuma tsallake wasu matakan tantancewa. Ban ƙi a buɗe wa haziƙai ƙofa ba. Abin da na ji babu a muhawarar shi ne wanda zai kula da yaron bayan ya shiga, da wa zai zauna, da wa zai yi hira, wa zai lura in ya fara janyewa daga mutane.

Da lokacin neman jami'a ya yi, likitanci aka cika mini a fom. Ba a tambaye ni ba, ni ma ban yi tunanin ana tambaya ba, domin tun ina firamare abokan Baba suke ce mini Likita. A garinmu yaro mai ƙoƙari likita ne ko injiniya, shi ke nan. Shekarar farko ta zo mini da sauƙi, kimiyyar sakandare ce aka faɗaɗa. Yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU na 2013, daga Yuli zuwa Disamba, ya mai da mu gida. Da muka dawo muka shiga karatun sassan jikin ɗan Adam da yadda suke aiki, sai na ci karo da abin da ban taɓa gani ba. Karatu ne mai tarin yawa, sunayen jijiyoyi da ƙasusuwa da tsoka, wanda sai an zauna an yi ta maimaitawa. Ni kuwa tunda nake ban taɓa koyon yadda ake zama a yi bita ba, sau ɗaya nake ji in riƙe. 'Yan ajinmu da suka saba shan wuya tun sakandare sun iya tsara lokaci, sun iya haɗa ƙungiya su yi wa juna tambayoyi. Ni ban iya shiga mutane ba, kuma bakina bai iya furta "ban gane ba". Ɗakin fiɗar gawa ma ban taɓa sabawa da shi ba. Zuciyata tana wurin lissafi.

Na faɗi babbar jarrabawar farko ta likitanci. Ga wani ɗalibi wannan tuntuɓe ne, ya sake zama ya wuce. Ni kuwa ban san kaina da wani abu ba sai ci. Ba ni da ƙawa, ba ni da wasa, ba ni da wata sana'ar hannu, ta ɗayan nan ita ce sunana. Da ta tafi sai na ji babu sauran abin da ya rage da za a kira ni da shi. Barci ya ƙaurace mini, abinci ya fita raina, in buɗe littafi in yi awa ina kallon layi ɗaya. Na daina zuwa lacca, na daina ɗaga wayar gida. Har na kai ina kwanciya ina fatan kada in farka. Wata 'yar ɗakinmu ce ta nemo lambar Umma ta ce a zo a ɗauke ni.

A gida aka ce sammu ne, wasu suka ce aljanu, dama ai irin wannan ƙwaƙwalwa ba ta mutum ɗaya ba ce. Aka yi ruƙiyya, aka yi hayaƙi, aka yi sauka. Addu'ar ta sanyaya mini rai, kuma har gobe ina riƙe da ita. Amma da wani kawunmu ya kawo maganar likitan ƙwaƙwalwa, Umma ta ce ba za a kai 'yarta Dawanau a ja mata tambarin hauka ba, wa zai aure ta bayan haka.

Yaya ce ta zo da goyonta, ta ce a ba ta ni in je gidanta in huta. Rabon da mu kwana ɗaki ɗaya tun ina shekara 9. Ba ta tambaye ni komai a kan jarrabawa ba. Ta sa ni tsintar shinkafa, ta ba ni riƙon jariri, ta zaunar da ni ta tsefe mini kai ta yi mini kitso. Wani dare mijinta ya yi tafiya, muna kwance, na ce mata, "Yaya, me na yi miki kika daina kula ni?" Ta daɗe ba ta amsa ba. Sannan ta ce, "Ba ki yi mini komai ba. Amma duk ranar da na gan ki, muryar Baba nake ji yana cewa ba na jin kunya. Ni ma fa ina son karatu. Na ga ko na mutu a kansa ba za a gani ba, sai na haƙura." Ta ce ranar bikinta ta yi ta leƙen ƙofa ko za a kawo ni, ta ɗauka ni ce na ƙi zuwa don na raina auren. Na ce mata ni kuma na ɗauka ita ce ba ta nemi a kawo ni ba. Muka yi kuka har aka kira assalatu. Duk shekarun nan ina ganin ni kaɗai aka cuta, ashe ita an karɓe mata makaranta gaba ɗaya.

Ita ce ta kai ni asibitin koyarwa ba tare da ta yi shawara da kowa ba sai mijinta. Likitan ya ce ciwon damuwa ne, ciwo ne kamar kowane ciwo, kuma ana warkewa. Ya ɗora ni a kan magani, ya haɗa ni da wata mai ba da shawara da nake zuwa muna tattaunawa. Mai ba da shawarar ce ta fahimtar da ni cewa ƙwaƙwalwar yaro tana iya yin gaba da shekaru, amma zuciyarsa da jikinsa suna nan a shekarunsu na haihuwa, kuma su ma suna da haƙƙin a raine su. Sauƙin bai zo da wuri ba. Sai da aka ɗauki watanni kafin in fara jin ɗanɗanon abinci, in kuma yi dariya ba ta dole ba.

Abu mafi nauyi shi ne faɗa wa Baba cewa ba zan koma likitanci ba, sashen lissafi nake so a mai da ni. Yaya ta raka ni, muka durƙusa a gabansa. Ya ce, "Duk garin nan an san likita nake rainon ta. Me zan ce wa mutane?" Yaya, wadda ban taɓa jin ta mayar masa da magana ba, ta ce, "Baba, ka ce musu 'yarka tana raye." Ya yi shiru, ya ce mu tashi mu ba shi wuri. Bayan kwanaki ya kira ni ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri. Bai taɓa zama ya yi maganar abin da ya wuce ba, irin tarbiyyarsu ba ta ba da wannan ba, amma na lura ko a kan jikokinsa bai ƙara cewa wani ya dubi wani ba.

A sashen lissafi na zauna aji ɗaya da sa'annina, abin da rabona da shi tun aji 1 na firamare. A nan na yi ƙawaye na farko, ina da kusan shekara 20. Sai da na koyi abubuwan da yara ke koya a dandali: yadda ake tsokana a rama, yadda ake saɓawa a shirya, yadda ake zuwa biki a zauna a yi hirar da ba ta da wani amfani sai daɗin zama tare. Har yanzu taron mutane yana gajiyar da ni, kuma in aka yabe ni a gaban wani sai gabana ya faɗi, in waiga in ga fuskar wanda ke gefe.

Da na gama na yi hidimar ƙasa, na yi difilomar koyarwa, na kama aiki. Kusan kowace shekara sai na samu ɗaya ko biyu irina a aji. Ba su da wuyar ganewa. Wani ya gama aiki tun kafin in gama rubuta tambaya, sai ya shiga damun na kusa da shi, a ce masa fitinanne. Wata tana can ƙarshen benci lokacin tara, ita da littafi, ba don ta fi son littafin a kan mutane ba. Ba na karanta maki da ƙarfi a aji, ba na kuma cewa kowa ya yi koyi da wane. Mai saurin ganewa ina ba shi tambaya mai tauri wadda za ta kayar da shi, don ya ɗanɗani faɗuwa tun tana da arha, ya kuma koyi cewa "Malama, ban gane ba." In uba ya zo da maganar tsallake, ba na ce masa haramun ne, domin akwai yaran da zaman aji ɗaya ke kashe musu zuciya. Tambayarsa nake yi: yaron yana da aboki? Yana da wa ko ya a ajin da za a kai shi? An tambaye shi? Sau da yawa uban yakan yi shiru, domin makin kawai ya sani. Wasu suna ji, wasu kuma su cire yaron su kai shi makarantar kuɗi da za ta yi musu abin da suke so, kuma wannan yana ci mini rai ƙwarai.

Yaya tana da yara huɗu yanzu. Bayan ta yaye na ukun ta ce tana so ta koma karatu, mijinta ya amince. Ta shiga ajin manya, ta zana NECO ta masu zaman kansu, ta ci komai sai lissafi. Duk ranar Asabar nakan je gidanta mu zauna a kansa, in ta gaji ta ture littafin ta ce in tashi in taya ta girki. Ta sake zama ta samu kiredit. Yanzu tana karatun NCE ta hanyar Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda ake yi daga gida ana zuwa darasi a ƙarshen mako, kuma ta ce 'yan aji 1 na firamare take so ta koyar in ta gama.